Kwana Uku Tsakanin Kangimi da Bakin Galma

Bayan sallar asuba na fito daga Barnawa, wata Talata a tsakiyar Fabrairun 2025, saura kamar mako biyu a kama azumi. Sanyi ya fara ja da baya amma hazo bai gama ɗagawa ba. Da muka hau gadar kogin Kaduna na ce wa ƙanena da ke tuƙi ya sassauta, ina so in ga ruwan. Kogin da a watan Satumba yake cika ya batse har ya shiga gidajen mutanen bakin gaɓa, yanzu ya koma 'yan siraran hanyoyi tsakanin duwatsu da yashi. Tun da duku-dukun nan har an tayar da injinan ban ruwa a gefen lambunan alayyafo da latas, ana jin kukansu daga kan gada.

Aikina shi ne zagaya gonaki, manya da ƙanana, in zauna da masu su mu duba yadda ruwa yake shiga, inda yake zurarewa, da nawa ake kashewa a kansa. Injiniyancin noma na karanta, na kuma yi kwas a Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke hanyar Mando, wadda aka kafa a 1979. Amma abin da ke bayan motarmu ranar nan duk ana samunsa a kasuwar ƙauye: duro mai cin lita 200, bokiti mai lita 20, gwangwanayen madara goma sha biyu, gutsattsarin bututun roba, tef ɗin awo da littafi. Da su nake aiki, domin na daɗe da lura cewa manomi ya fi yarda da abin da aka auna a gabansa, da kayan da shi ma zai iya riƙewa.

Muka wuce Kawo da Rigachikun, a Mararrabar Jos muka karya dama. Madatsar Kangimi tana nan a ƙaramar hukumar Igabi. An gina ta a shekarun 1970 domin ta riƙe ruwan damina, a riƙa sako shi da rani a ƙara wa kogin Kaduna ƙarfi saboda ruwan shan birni, a kuma yi noman rani. Mutumin Kaduna da ke buɗe famfo a watan Maris bai cika sanin da wannan tafki ba, ballantana ya san cewa shi da mai lambu a kwano ɗaya suke sha.

Gonar da muka fara zuwa ta wata Hajiya ce da ta yi ritaya daga koyarwa ta zuba kuɗin sallamarta a noma. Hekta biyu ce, tana tattasai da kokwamba da tumatir, tana kai wa masu otal da shaguna a Kaduna. Muka tarar da ita a bakin gona da malafa a kan mayafi, ranta a ɓace.

"Injiniya, sannu da hanya. Zo ka ga inda kuɗina suka shiga."

"Hajiya, ina gajiya? Allah ya sa ba ɓarna ce mai yawa ba."

Shekarar da ta gabata wani kamfani ya shimfiɗa mata bututan ban ruwa na ɗigo-ɗigo a gonar gaba ɗaya. Suka karɓi kuɗinsu, suka ɗauki hoto, suka tafi. Wata uku ba a yi ba shukar da ke ƙarshen layi ta fara yaushi, ta farkon layi kuma tana cikin caɓi. Ta kira su har ta gaji. Yaran da ke mata aiki, da suka ga ruwa ba ya fita, sai suka samo ƙusa suka bi bututan suna hudawa. Ban ga laifinsu ba. Shuka na mutuwa a gabansu, kuma ba wanda ya taɓa yi musu bayanin yadda abin yake aiki.

Na jera gwangwanayen madara a ƙarƙashin idanun bututu ɗaya, huɗu a farko, huɗu a tsakiya, huɗu a ƙarshe, na ce a buɗe ruwa minti goma. Muka tsuguna ni da Hajiya da yaran muna kallo. Na farko suka kusa cika, na tsakiya da ƙyar ruwa ya rufe gindinsu, na ƙarshe kuwa biyu daga ciki ko ɗigo. Na yanko bututun da wuƙa na tsaga shi a tafin hannuna: jar laka ce da gansakuka sun daskare a ciki kamar ƙullun koko. Daga wani kududdufi ake jan ruwan kai tsaye, kuma abin tacewar da aka saka mata bai fi na famfon gida ba. Ramin da ruwa ke ɗigowa ta ciki bai kai kan allura ba, yaya za a yi ya jure ruwan rafi da ba a tace ba?

Hajiya ta daɗe tana juya gwangwanin da ya bushe a hannunta. Can ta ce, "To ashe ba ƙasar ce ba ta da kyau ba. Ni har na fara neman mai sayen gonar."

Gyaran bai kai abin da take tsoro ba. Tanki na farko da ruwa zai kwana a ciki laka ta kwanta, a rufe shi kada rana ta shiga ta haifar da gansakuka. Matacin ruwa na gaske, a wanke shi kullum da safe. Duk ranar Juma'a a kwance bakin kowane layi a bar ruwa ya wanke cikinsa. A ajiye 'yan kwanoni da ruwa a gefen gona, domin da rani ƙishirwa ce ke sa ɓeraye su ciji bututu. Sannan na ba ta shawarar da ba ta so ji ba: ta naɗe bututan da aka huda, ta mayar da ɗigo-ɗigon rabin hekta kawai, na tattasai da kokwamba masu kawo kuɗi, sauran ta koma ban ruwa ta kunya har sai yaranta sun ƙware.

A nan nake saɓawa da wasu abokan aikina. Gaskiya ne ɗigo-ɗigo idan ya zauna daidai kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan yana isa ga saiwa, alhali a ban ruwan kwarara sau da yawa rabi ko ɗan abin da ya fi rabi ne ke amfani. Amma ana tallarsa kamar maganin kowace cuta, ana sayar wa mutane ba tare da an koya musu ba, ba kuma mai komawa ya duba. Na ga gonaki da yawa da bututan suka ƙare a matsayin igiyar ɗaure akuya. Duk wanda hakan ta same shi, ba kuɗinsa kaɗai aka ci ba, an sa ya yanke ƙauna daga duk wani sabon abu da za a kawo masa nan gaba, kuma maƙwabtansa goma sun gani.

Muka yi azahar a can, muka komo babbar hanya, Birnin Yero, Jaji, sai Zariya. A Samaru na kwana wurin wani abokin karatuna, kusa da Cibiyar Binciken Aikin Gona wadda tushenta ya koma 1922, inda irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA suka fito. Hira ta kai mu dare a kan abu ɗaya: irin ya isa hannun manomi, taki ma ya san shi, amma har yau ba a kai masa ilimin awon ruwa ba. Ruwan sama a Zariya yana kai wa kamar milimita 1,000 a shekara, kudancin jihar ya fi haka nesa, sai dai kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Sauran watannin, abin da ƙasa da madatsai suka riƙe ne kawai ake ci.

Washegari da sassafe muka bi hanyar Jos ta Dakace muka gangara fadamar Galma. Wanda bai taɓa shiga fadama da rani ba zai yi mamaki. Kana fitowa daga tudu mai ƙura da busasshen kara, sai ka faɗa cikin kore shar iya ganinka: tumatir, albasa, kabeji, karas, attaruhu, rake. Ga kwanduna jere a bakin hanya ana jiran mota, ga ƙanshin ganyen tumatir da warin fetur sun gauraye. Lokacin kakar tumatir ne, kaya sun yi yawa, farashi ya faɗi, fuskokin manoma ba walwala.

Dattijon da na zo wurinsa ya haura saba'in. A wannan fadama aka haife shi, kuma da jigo ya fara ban ruwa. Ya nuna min inda jigon mahaifinsa yake a da, gindin wata bishiya a bakin gaɓa. Ya ce a lokacin mutum yana sanin kowane guga da ya ɗebo, saboda a kafaɗarsa yake jin sa, ba mai zuba wa fangali fiye da abin da zai sha. Injin ya yawaita ne a shekarun 1990, zamanin shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa, lokacin da aka yi ta haƙa 'yan rijiyoyin bututu ana raba injina. Ya ce alheri ne babba, wanda yake noma fangali hamsin ya koma noma ɗari biyar. Amma daga ranar aka daina ƙirga ruwa.

"Baba, awa nawa kake kunna injin a wannan gonar?"

"Ɗana, ai ba na duba agogo. In na zuba mai, sai ya ƙare."

"Mai nawa?"

Nan ya gyara tsayuwa, domin an zo inda ke masa ciwo. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Cikin wata biyu ta haura 600, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ya ce a da kuɗin taki ne ke hana shi barci, yanzu mai ne. Wasu maƙwabtansa sun rage gona, wasu sun mayar da injinsu mai amfani da gas ɗin girki, wasu sun bar noman ranin ɗungurungum sun tafi birni acaɓa.

Shekaru na yi ina yi wa manoma wa'azin tattalin ruwa suna gyaɗa kai don kunya. Tun da mai ya yi tsada ban ƙara buƙatar wa'azi ba. In ka ce wa mutum kogi zai ƙafe, yana ganin maganar gobe ce, kuma ba shi kaɗai ke sha ba. In ka nuna masa cewa rabin man da ya saya da safe ya tafi ne wajen jiƙa hanya, zai ajiye fartanya ya saurare ka.

Muka sauke duro. Jikansa ya riƙe bakin tiyo, ni na riƙe waya ina duba lokaci. Daƙiƙa 24 duro ya cika, wato lita 500 a minti, lita 30,000 a awa. Daga nan muka bi hanyar ruwan da ƙafa. Hanya ce ta ƙasa da aka yi da fartanya, ta yi tafiya mai nisa a cikin jigawa kafin ta kai gona, ciyawa ta cika ta, ga ramukan ɓera da na ƙaguwa, wani wuri ma ta fashe tana malala cikin gonar da ba kowa. A bakin gona muka haƙa rami muka sa guntun bututu muka tara bokiti, sau uku muna maimaitawa. Abin da ke isowa bai wuce lita 300 a minti ba. Dattijon ya sa aka sake aunawa a gabansa, shi da kansa ya riƙe bokitin.

Sai muka zauna a inuwa na yi masa lissafin a ƙasa da tsinke. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Tumatir daga dashe zuwa ƙarshen tsinka yana bukatar tsakanin milimita 400 zuwa 600, kamar yadda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta. Gonarsa kwatan hekta ce. A irin zafin da ake shiga, a ce tana shan milimita shida a rana, lita 15,000 ke nan, a kwana uku 45,000. Ko an ƙara na asarar da ba makawa, awa biyu da rabi duk kwana uku ta ishe shi. Shi kuwa yana kunna inji awa huɗu, wani lokaci fiye.

"To ina sauran yake zuwa?" in ji shi.

Na ce wani ya tsaya a hanya, wani ya nutse ƙasa da inda saiwa take kaiwa, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana ɗauke da takin yuriyar da aka watsa shekaranjiya. Na tuge wani tumatir da ganyensa ya yi rawaya na nuna masa saiwar, gajera, ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, tana wari. Saiwa tana numfashi kamar mutum, in ruwa ya kwanta mata kwana da kwanaki sai ta shaƙe. 'Ya'yan da suke tsagewa da masu baƙin gindi da ya tara a gefe, yawancinsu daga nan ne: a bar shuka ta yi ƙishirwa, sannan a zo a yi mata ambaliya.

Bai karɓa nan take ba, kuma na ji daɗin hakan. Ya ce ƙasar gefen gaɓa yashi ce, in ya rage mata ruwa kafin la'asar ta bushe. Gaskiyarsa ne, ya fi ni sanin gonarsa. Muka tona da hannu a wurare uku, zurfin tafi guda, muna dunƙula ƙasar. Ta gefen gaɓa tana wargajewa da an buɗe hannu. Ta tsakiya tana dunƙuluwa ta bar danshi a tafi, alamar ba ta bukatar ruwa ranar. Ta can ƙasa kuwa har tana tsatsowa ta tsakanin yatsu. Gona ɗaya, ƙasa iri uku, amma ruwa ɗaya ake ba su rana ɗaya. Muka tsaya a kan cewa ta yashi za a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan a kai a kai, ta laka a riƙa tsallake ta. Zai sayi tiyo mai naɗewa ya maye gurbin rabin hanyar da ta bi jigawa, kuɗin man mako kaɗan ne. Zai koma ban ruwa da sassafe ko da yamma. Layi goma kuma zai lulluɓe gindinsu da buntun shinkafa da tattakar da ake ƙonawa a banza, mu ga bambanci. Layi goma kawai na roƙa. Ban taɓa ce wa manomi ya sauya gonarsa gaba ɗaya a kan maganata ba, abincin iyalinsa ne.

Da za mu tashi ya sa aka cika mana kwando da tumatir. Na bar wa jikan bokitin da littafi ɗaya, ya riƙa rubuta ranar ban ruwa, awa nawa, mai nawa.

Da yamma muka ƙarasa wajen wasu matasa takwas da suka haɗa kuɗi suka kama hayar fili suna shinkafar rani, can gaba ta ɓangaren Soba. Akwai mai digiri a cikinsu, akwai mai gyaran babur. Sun yi dashe da kwana goma sha biyu, fangalansu cike da ruwa har yana shafar kunya, kuma mai ya kusa cinye jarinsu. Kowa ya taso da sanin cewa shinkafa sai a cikin ruwa. Alhali jure ruwa take yi, ba wai sai da shi tsaye kullum take rayuwa ba, amfanin kwanciyarsa mafi girma shi ne danne ciyawa.

Na ɗauko guntun bututu mai tsawon santimita 30 wanda aka huda rabinsa na ƙasa kamar rariya. Muka kafa shi a fangali, muka kwashe lakar cikinsa da hannu har ƙasa, ya zama 'yar rijiyar da ake leƙa ruwan da ke ƙarƙashi. Dabarar daga cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta fito, kuma an gwada ta a ƙasashe da yawa. A ba da ruwa ya hau kamar santimita biyar, a kashe inji. A bar shi ya janye, ko saman ƙasa ya bushe kada a damu, sai an leƙa bututu an ga ruwan ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sannan a sake bayarwa. Lokacin da shinkafa ta ɗauki ciki tana fitar da kai ne kaɗai ba a wasa, mako guda kafin da mako guda bayan fure dole ruwa ya zauna. In an bi ta daidai tana rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100, amfani kuma bai ragu ba.

Shugabansu ya ce, "Yallaɓai, in ƙasa ta tsage fa? Mahaifina in ya zo ya ga haka cewa zai yi mun kashe shinkafa."

Na ce su raba filin biyu, rabi yadda suka saba, rabi da bututu, kowanne da littafin mansa, kuma su gayyato mahaifin nasa ranar yanka ya riƙe ma'auni da kansa.

Rana ta uku ita ce mai nauyi, kuma saboda ita na yi tafiyar. Sarkin noman wani ƙauye da ke kan wani rafi mai zuba a Galma ya tara mutane a gindin mangwaro: masu lambun sama, masu lambun ƙasa, mai unguwa, da Arɗon Fulanin da ke mashaya a wurin. Maganar sola ce.

Ni mai son injin sola ne, na sha ba da shawarar a saya. Ba mai, ba hayaƙi, ba zuwa wurin bakanike kowane mako. Shirye-shiryen gwamnati da na masu ba da tallafi ma sun karkata can. Amma akwai abin da na fara gani da ke tayar min da hankali. Mai injin fetur tsadar mai ce ke kashe masa inji. Mai sola ba abin da ke kashe nasa sai faɗuwar rana. A wannan ƙauye mutum uku masu hali sun kafa sola a saman rafi, tun hantsi har la'asar ruwa na kwarara, har yana malala kan hanya. Na ƙasa kuwa, waɗanda yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi ne, rafin yana iso musu kamar fitsarin yaro.

Wani mai albasa ya kama hannuna ya kai ni gonarsa. Injin irin nasu ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, haka halittar abin take. Da ruwan rijiyarsa ya yi ƙasa, sai ya haƙa rami ya saukar da injin ciki. Bana ya ƙara zurfin ramin sau biyu. Na leƙa, injin yana can ƙasa, sai an taka tsani, hayaƙi ya turnuƙe ramin. Na roƙe shi kada ya bari yaro ya shiga yana kunne, hayaƙin nan yana kisa. Kuma haƙa burtsatse mai zurfi ba lallai ya fisshe su ba, domin mafi yawan ƙasar Kaduna a kan dutse take zaune, ruwan da ke ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen sama ne da tsagogi, ba teku ba ne. Yashin fadamar nan shi ne randarsu, damina ce ke cika ta sau ɗaya a shekara.

Arɗo ya yi magana a hankali, ba ɗaga murya. Ya ce mashayar da kakanninsu suke kai shanu yanzu lambu ya zagaye ta, burtalin ya tsuke, kuma kwarin da ke riƙe ruwa har bazara ya ƙafe tun Janairu. Ya ce, "Sarki, saniya ba ta san iyaka ba, ƙishirwa ta sani. Mu ba ma son fitina." Kowa a wurin ya san abin da irin wannan magana take zama in an yi sakaci da ita, a jihar da ta ga abin da ta gani.

Aka yi ta kai ruwa rana. Ɗaya daga masu solar ya ce da kuɗinsa ya saya, ruwa kuma na Allah ne. Limamin ƙauyen ya amsa masa da cewa don na Allah ne shi ya sa ba na mutum ɗaya ba ne, ya kuma tuna masa cewa ko a alwala an hana almubazzaranci. Ni abin da na kawo na fasaha ne kawai: mai sola ya yi tanki ko ya haƙa matara ya shimfiɗa leda, ya tara abin da gonarsa ke bukata, ya sa abin da ke kashe injin in ta cika. Ragowar wutar ranar ya sayar wa maƙwabci ruwa da araha ta tiyo, ko ya yi cajin waya, ko markaɗe. Na kuma kafa sanda mai zane a cikin rafi da wata a rijiyar masallaci, a riƙa dubawa duk Juma'a bayan an sauko, a rubuta, domin gardamar baɗi ta zama a kan abin da kowa ya gani.

Kafin la'asar aka tsayar da magana uku. Na sama za su ja ruwa Asabar, Litinin da Laraba, na ƙasa sauran ranaku, Juma'a a bar rafi ya huta ya gangara. Za a buɗe hanyar mashaya taku ashirin, wanda abin ya ci gonarsa a rage masa kuɗin ƙungiya. Biyu daga masu sola suka amince. Na ukun, wanda ya fi kowa girman gona, yana Kaduna, yaronsa ya turo, shi kuma ya ce ba shi da ikon cewa komai. Aka shafa fatiha a haka.

Ranar goma ga azumi, ina shirin buɗa baki, shugaban matasan nan ya kira ni. Ya ce ruwan bututu yana kai kwana huɗu kafin ya sauka inda na yi zane, ƙasa ta ɗan tsattsage, amma shinkafar ta fi ta ɗaya ɓangaren yawan 'ya'ya, kuma jarkar man da ke musu mako ɗaya yanzu tana kai kwana goma. Yana tambaya ko su mayar da ɗaya rabin ma. Na ce a'a, su bar shi yadda muka yi alkawari har yanka. Na tambaye shi labarin ƙauyen rafi, tun da yana da dangi a can. Ya ce rabon kwana yana tafiya, Arɗo ya samu hanyarsa, amma Alhajin nan mai sola na uku bai zo ba har yanzu kuma injinsa bai san Juma'a ba, sarkin noma yana neman wanda zai raka shi Kaduna su same shi a gida.

Na ce ya gaya wa sarki ni zan raka shi. Muka sa ranar Asabar ta farko bayan salla, daga nan in wuce wurinsu, lokacin shinkafar ta kusa ɗaukar ciki.